Miyar Jinya a Ƙasar Sakkwato: Sharhi a Kan Wani Giɓi Cikin Nazarin Magungunan Hausa

1.0 Gabatarwa

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan magungunan Hausawa, da Larabci da Ingilishi da Hausa. An ƙididdige itatuwa da saiwoyi, an kasa masu magani aji-aji, watau boka da malami da wanzami da maɗori da ungozoma da 'yar mai ganye, an kuma jera sunayen cututtuka. Amma akwai wani aiki da yake farawa a gidan Bahaushe bayan mai magani ya tattara kayansa ya tafi. Wannan aiki kuwa shi ne ɗora tukunya domin wanda zazzaɓi ya saka, ko macen da ta haihu, ko yaron da ya tashi daga ƙyanda bakinsa ba ɗanɗano. Abin da yake fitowa daga wannan tukunya shi aka kira miyar jinya a nan.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wasu muhimman ayyuka da aka yi a wannan fage, musamman maƙalar Nina Etkin da Paul Ross ta 1982, a ga yadda suka ɗauki wannan miya. Za a auna su da abin da yake akwai a gabashin Sakkwato, watau ƙasar Wurno da Raba da Goronyo, inda garuruwa irin su Tursa suke. Abin da ake son nunawa shi ne, manazarta sun riƙi tsiro ɗaya-ɗaya a matsayin abin nazari, alhali kuwa abin da yake shiga cikin majinyaci dafaffiyar miya ce. Tsakanin ganyen da yake kan reshe da wanda yake cikin kwano akwai hannun mai girki, shi ne kuwa yake ƙayyade abin da zai isa jikin mara lafiya.

2.0 Magani da Jinya

Harshen Hausa da kansa ya raba abubuwa biyu waɗanda nazari ya saba cakuɗawa. Akan yi wa mutum magani, akan kuma yi jinyarsa. Magani cuta yake fuskanta, don ya kashe ta ko ya fitar da ita. Jinya kuwa mutumin take fuskanta, da wankansa da shimfiɗarsa da abin da zai sa a baki. Kalmomin warkewa ma hawa-hawa suke. Da farko akan ce ya sami sauƙi, sa'an nan a ce ya warware, daga ƙarshe a ce ya murmure, watau jikin da ya zube ya dawo. Magani yana iya kai mutum hawa na farko, amma ba a jin an ce wane ya murmure da jiƙo ko da allura. Alamar da masu jinya suke jira ita ce a ce bakinsa ya buɗe.

Akwai kuma abin lura ga aikatau. Mai lafiya tuwo yake ci, miya kuwa mahaɗi ce kawai. Majinyaci shi sha yake yi: ya sha magani, ya sha kunu, ya sha romo, ya sha fate. Idan aka sassauta miya har ta kai a kurɓe ta ba tuwo, to, ta bar matsayinta na mahaɗi ta shiga sahun abin sha, inda magani yake. Ire-irenta da aka fi sani su ne romon nama ko na kifi da aka jefa wa ganye da kayan yaji, da faten tsaki mai yakuwa ko alayyahu, da miyar kabewa mai ruwa-ruwa. Farfesu ma yana ciki, ko da yake sunansa aro ne daga Ingilishi.

Hausawa sukan ce tuwon girma miyarsa nama. Wannan karin magana ya nuna inda darajar miya take a idon jama'a. Miyar ganye ta talaka ce, aikinta kuma na matan cikin gida ne, waɗanda ba su da kirari ba su da sarauta irin ta Sarkin Aska ko Sarkin Ɗori. Ba mamaki ke nan da mai bincike, wanda galibi namiji ne ko baƙo, ya tsaya a zaure wurin masu sana'a, bai ƙarasa madafa ba.

3.0 Abin da Magabata Suka Rubuta

Ƙasar da muke magana a kanta tana da tsohon tarihin rubutu a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya mai da Wurno ribaɗinsa, a can ya rasu, a can kuma kabarinsa yake. Ya wallafa littattafai da dama a kan ilmin ɗibbu, cikinsu akwai Ujalatur Rakib, da wani a kan ciwon basir, da wani a kan sana, watau dangin filasko, da yadda ake wanke ciki da shi. Waɗannan ayyuka sun bi tafarkin littattafan ɗibbu na Larabci, inda akan ambaci cuta a biyo ta da maganinta da hujjarsa. Malaman wannan tafarki sun san muhimmancin abincin mara lafiya, don kuwa hadisi ya zo a kan talbina, wani kunu na sha'ir da ake yi wa majinyaci da wanda aka yi wa mutuwa. Sai dai tsarin cuta da magani bai tanadi gurbin da miyar sure ta matan Wurno za ta zauna ba.

Shaidar cewa mutanen wannan ƙasa suna da nasu abincin jinya ta zo daga bakin baƙo. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1854 a kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu, atuni ya kwantar da shi a can. Ya rubuta cewa daga cikin abin da ya tashe shi akwai dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa, yadda mutanen ƙasar suke yi. Mai karatu zai lura cewa haɗi ne aka ba shi, na abinci mai sauƙin narkewa da abu mai bauri da yake tsai da ciki. Wanda ya ware bagaruwa ya rubuta ta ita kaɗai a jerin magunguna ya yar da kashi biyu cikin uku na hikimar.

Wannan warewa kuwa ita ta zama ƙa'ida tun daga zamanin J. M. Dalziel, likitan gwamnati a Nijeriya ta Arewa, wanda ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Aikinsa gagarumi ne, har yau kuma ana komawa gare shi. Ya kiyaye bambancin karin harshe, abin da G. P. Bargery ma ya yi a ƙamusunsa na 1934. Amma tsarin nasa na mai ilmin tsirrai ne: kuka a shafinta, ɗorawa a nata, yakuwa a nata. Abubuwan da suke haɗuwa a tukunya ɗaya sun watse cikin littafi.

Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi ya fitar da littafinsa a 1988, ya bi wata hanyar. Ya fara ne daga ma'anar lafiya, ya bayyana yadda Hausawa suke danganta ciwo da sanyi da zafi da zaƙi da dattin ciki. Wannan ya ba mu mabuɗin fahimtar dalilin da ya sa ake cika citta da masoro da kimba da kanumfari a abincin mai jego, don ana ganin sanyi ne babban abokin gabarta. Duk da haka ƙashin bayan littafin shi ne cuta da masu maganinta.

4.0 Maƙalar Etkin da Ross

Waɗanda suka matso kusa da madafa fiye da kowa su ne Etkin da Ross. Sun zauna a wani ƙauye kusa da Wudil a ƙasar Kano cikin 1975 da 1976, suka laƙaba masa suna Hurumi, suka sake komawa a 1987 da 1988. Maƙalarsu ta 1982 ta ɗauki tsirran da mutanen ƙauyen suke maganin ciwon ciki da su, ta nuna cewa kimanin rabinsu ana kuma cin su a matsayin abinci. Daga nan suka kafa hujja cewa katangar da likitancin Turai ya gina tsakanin abinci da magani ba ta da tushe a rayuwar Bahaushe, kuma wanda zai auna tasirin wani tsiro dole ya lissafa har da abin da ake ci daga gare shi kullum. A wani aikin na 1983 sun ƙara da cewa wasu ganyayen da ake yawan ci da damina suna ɗauke da sinadaran da mai yiwuwa su rage ƙarfin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini.

Babu shakka wannan aiki ya buɗe ƙofa. Ya ɗauki cimar talaka da muhimmanci, ya kuma sa masana a ƙasashe da yawa sun sake tunani. Amma akwai wurare uku da ya kamata ɗalibi ya yi hattara.

Na farko, abin ƙidayarsu tsiro ne, tambayarsu kuwa ta masu harhaɗa magunguna ce, watau wane sinadari ne a cikin wane ganye. Sun san cewa yadda aka sarrafa tsiro yana canja tasirinsa, amma miya a matsayin abu ɗaya mai suna da tsari da lokacin yi da wanda ake yi dominsa ba ita ce jigon binciken ba. Sun rushe katangar da take tsakanin abinci da magani, suka bar ta tsakanin magani da jinya a tsaye.

Na biyu, ƙauye ɗaya ne a ƙasar Kano, amma akan kafa hujja da shi kamar ya wakilci Hausawa duka. Ko sunaye kaɗai sun isa gargaɗi. Abin da Bakano yake kira yakuwa, Basakkwace sure yake cewa. Kuɓewa guro ce, kabewa kabushi, karkashi yoɗo, barkono tonka. Mai binciken da ya shiga Tursa da jerin sunayen Wudil zai iya rubuta cewa babu abu, alhali yana cikin kwanon da aka ajiye masa.

Na uku, maganar zazzaɓin cizon sauro hasashe ne da aka gina a kan gwajin ɗakin bincike, su kansu kuma a haka suka gabatar da shi. Amma hasashe idan ya bi hannu da yawa yakan rikiɗe ya zama hukunci. Wannan salo na tsiro ɗaya da jerin amfaninsa shi ne ya sauko kasuwa, inda a rediyo da ƙananan littattafai da intanet ake jera wa zogale cututtukan da wai yake warkarwa, tun daga hawan jini har ciwon sukari. Zogale ganye ne mai amfani ƙwarai a miya da kwaɗo. Mai da shi maganin kome da kome kuwa ya sa wasu suna jinkirin zuwa asibiti.

5.0 Daga Tsiro Zuwa Tukunya

Domin a ga abin da ake rasawa idan aka tsaya ga tsiro, bari mu bi miya ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai jinya ta ɗora ruwa, ta zuba dakakkiyar daddawa da albasa da ɗan citta da masoro, ta jefa busasshen kifi ko ƙashi idan akwai. Ta sa kabushi ya dahu har ya farfashe, ta dama ɗan niƙaƙƙen gyaɗa ko ta ɗiga man shanu. Daga ƙarshe ta zuba sure da alayyahu ko zogale, ta sauke. Kayan ba su wuce abin da ake samu a kowane gida ba, amma a kowane mataki akwai zaɓi, ilmin abinci na zamani kuma yana da abin cewa a kan kowanne.

Bitamin C ba ya jimre dogon dahuwa, yana kuma bin ruwa. Idan aka tafasa sure aka zubar da ruwan farko don rage tsami, ko aka sa kanwa ko ruwan toka, an yi asarar mafi yawansa. Shi kuwa majinyaci tsamin yake nema don ya kashe ɗacin baki, saboda haka miyar da aka bar mata tsaminta ta fi riƙe wannan bitamin. Bitamin ɗin kuma, tare da ɗan kifi ko nama, shi yake taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da yake cikin ganye, wanda jiki yake gina jini da shi. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage wannan tsotsa. Sinadarin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, yana cikin kabushi da koren ganye, amma sai da maiƙo yake shiga jiki sosai. Aikin gyaɗa da man shanu ke nan. Ganyen kuka da aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta gasa riƙe wannan sinadari. Daddawar kalwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na busasshen nauyinta abin gina jiki ne, akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan sure. Dunƙulen ɗanɗano na kanti da yake maye gurbinsu kuwa kimanin rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini.

Ashe ke nan mata biyu za su iya ɗaukar kaya iri ɗaya, ɗaya ta sauke abin da zai tashi mai jego, ɗaya ta sauke ruwan gishiri mai launin ganye. Jerin tsirrai ba zai nuna wannan bambanci ba.

Haka nan ba zai nuna lokaci ba. Da rani fadamun Gulbin Rima, da ruwan madatsar Goronyo wadda aka kammala a 1984, suna fitar da albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai, waɗanda yawancinsu kasuwa ake nomawa. Da bazara akan koma ga busassun kaya, kuka da guro da yoɗo. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓi kuma ya yi yawa, sai tafasa da gasaya da lalo da rama su fito a bakin gona da daji. Miyar jinya ta watan Agusta daban take da ta watan Fabrairu. Bugu da ƙari, tun daga harin da aka kai Tabanni a ƙasar Raba cikin 2018, wanda ya kori jama'a zuwa Gandi, da na kasuwar Goronyo a 2021, shiga daji tsinkar ganye ya zama abin tsoro a wurare da yawa. Ilmin da uwa take koya wa 'yarta a bakin gona yana iya yankewa a sansanin gudun hijira.

6.0 Darasi Daga Kanwa

Hatsarin yanke hukunci a kan abu ɗaya da aka ware daga cimar mutane ya fito fili a tarihin kunun kanwa. A 1978 Davidson da Parry suka fitar da bincikensu a kan mata fiye da 200 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Shekaru da dama ana koyar da haka a matsayin tabbas. Ciwon kuwa ya yi yawa a Sakkwato ma, inda wani bincike na asibitin koyarwa da aka buga a 2007 ya same shi a haihuwa 1 cikin 102. Amma babban binciken da Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da yawa na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da kunun kanwa ko wankan jego ba. Abubuwan da ya samu sun haɗa da ramar uwa da rashin ilmin boko da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Wannan bai wanke kanwa ga mai hawan jini ko mai ciwon zuciya ba, don gishirinta yana nan. Abin da ya nuna shi ne, an zura wa abu ɗaya ido, aka manta da tambayar me mai jego take ci gaba ɗaya, kuma yana isar ta ko ba ya isa.

7.0 Iyakar Miya

Kada a ɗauka ana nufin miyar jinya ta wadatar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Miya mai ruwa-ruwa tana cika ƙaramin cikin yaro ba tare da ta ba shi ƙarfin da yake bukata ba, sai an kaurara ta da gyaɗa ko wake ko kifi da mai. Yaron da tamowa ta kama sosai abincin asibiti na musamman yake bukata. Mai gudawa yana bukatar ruwan gishiri da sukari, mai zazzaɓi kuma a gwada jininsa a ba shi magani. Hausawa da suka raba magani da jinya ba su ce ɗaya ya ɗauke wa ɗaya aiki ba. Mai sayar da garin ganye a matsayin waraka, da ma'aikacin lafiyar da yake sallamar majinyaci ba tare da ya tambayi abin da za a dafa masa a gida ba, kowannensu ya riƙi rabi ya saki rabi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda littattafan ɗibbu suka tsara iliminsu bisa cuta, Dalziel bisa tsiro, Wall bisa ma'anar lafiya da masu magani, Etkin da Ross kuma bisa tsiron da ya haɗa ci da magani. Kowane ya ƙaru da na gabansa, amma miyar jinya ta faɗa tsakaninsu. Aikin da ya rage na ɗaliban harshe da al'ada ne, musamman mata, don su ne za su iya shiga har madafa. Abin da ake bukata shi ne a naɗi bayanin tsofaffin mata na Tursa da Wurno da Goronyo da karin harshensu: sunan miyar, wa ake yi wa ita, me ake fara sawa, me ake sawa a ƙarshe, me ake hana majinyaci da dalilin hanin, da abin da ake musanyawa idan kaya sun yanke. Sa'an nan a haɗa hannu da masana ilmin abinci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su auna abin da yake cikin kwano bayan an sauke tukunya. Ya kuma kamata a fassara maƙalar Etkin da Ross zuwa Hausa, domin jama'ar da aka yi rubutun a kansu su karanta, su faɗi inda aka dace da inda aka kauce.